Ajiyar Madam Amparo

Ranar da Madam Amparo za ta tafi ƙasarsu Sifaniya a yi mata aikin zuciya, ba ta yi wa Abdurrahim maganar littattafai ba. Waɗannan ta riga ta mayar wa masu su. Abin da ta jawo daga ƙasan kabad wani ɗan akwatin katako ne, dogo, siriri, ɗaure da igiya. Ta ɗora shi a kan teburin da suke ɗinkin littafi, ta ce masa kwalbar giya ce a ciki, kuma so take ya ajiye mata.

Abdurrahim mutumin Malumfashi ne. Karatun addini ya kawo shi Alƙahira, ya gama, bai koma ba. Tun daga nan yake aiki a gidan matar nan da ke unguwar Zamalek, inda take gyaran tsofaffin littattafai rubutun hannu: wanda gara ta ci, wanda ruwa ya taɓa, wanda bango ya rabu da jikinsa. Da farko Larabcin da ya gagare ta kawai yake karanta mata. Ita ta koya masa dama kullun liƙi, da yadda ake ɗaga takardar da ta girmi kakan kakansa ba tare da ta kece ba. Daga baya hannunsa ya fi nata natsuwa, ta kuma faɗa da bakinta.

Ta yi masa bayanin kwalbar da Larabcinta na Misrawa, wanda har yau harshen garinsu bai sake shi ba. Jar giya ce ta inabi. Ba irin wadda ake tattaro inabin gonaki barkatai a matse a gauraya ba. Ta gona guda ce, wani ɗan gangare mai tsakuwa a arewacin ƙasarsu, mai tsofaffin itatuwan da kakanta ya dasa. Ubanta ba ya yarda ko ƙwaya ɗaya ta inabin maƙwabci ta shiga cikin nasa. Gonar da ke samansu da wadda ke ƙasansu duk iri ɗaya ake shukawa, amma wanda ya san abin yana shinshinawa zai faɗi wacce ce wacce. Wannan kwalbar daga girbinsa na ƙarshe ta fito. Da ya mutu 'yan'uwanta suka sayar da gonar, wanda ya saya ya tumɓuke itatuwan.

Gidanta a hawan ƙarshe yake. Idan ta kashe na'urar sanyi ta tafi, rani zai dafa gidan da duk abin da ke ciki, giya kuwa zafi ne ajalinta. So take a kwantar da kwalbar, kada a tsayar, don toshiyar bakin ta zauna a jiƙe. Wuri mai duhu, mai sanyi, inda ba a jijjigawa. Idan ta dawo da ranta za ta buɗe.

Abdurrahim ya tambaye ta me ya hana ta bai wa ƙawarta Dakta Dalia. Ta yi dariya har sai da ta dafe ƙirji.

"Dalia? Kafin jirgina ya sauka ta shanye. A garin nan kai kaɗai na sani wanda zai shekara da ita bai ko leƙa ba. Kai na ba, Abdu."

Ya san abin da aka ce game da mai ɗaukar giya da wanda ake kai wa. Ya haddace, an ma tambaye shi a jarrabawa. Ya kuma san cewa dukiyar Kirista dukiya ce, kuma matar nan ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai yau. Ya kalli leɓɓanta da suka yi shuɗi-shuɗi. Ya ɗauki akwatin.

A unguwar Faisal yake zaune, a hawa na huɗu, su biyu da Rilwanu. Garinsu ɗaya, jirgi ɗaya ya kawo su, tukunya ɗaya suke ci. Shekarar da zazzaɓin taifot ya kwantar da Abdurrahim, Rilwanu ne ya goya shi ya sauka da shi matakala. Rilwanu bai bar karatu ba. Fiƙihu yake zurfafawa, kuma ba ya iya sayen tumatur ba tare da ya kawo saɓanin malamai ba. Abdurrahim yana kiransa Alƙali. Shi kuma yana kiran Abdurrahim Baturen Zamalek.

Mutanen Alƙahira suna raba ɗakuna gida biyu. Akwai bahari, mai duban arewa, inda iska ke shigowa. Akwai ƙibli, mai duban kudu, wanda rana ke gasawa daga hantsi har la'asar. Ɗakin Abdurrahim ƙibli ne, a tsakiyar rani ko kyandir ka ajiye sai ya lanƙwashe. Baharin na Rilwanu ne, tun da shi ke kwana da littafi. Abdurrahim ya tsaya a falo da akwatin a hannu, ya duba ƙofar nan, ya duba waccan, sannan ya ƙwanƙwasa ta Rilwanu.

Bai ɓoye masa komai ba. Ya faɗi abin da ke ciki, da mai shi, da dalili. Rilwanu ya saurara yana wasa da gemu. Abdurrahim ya shirya wa doguwar muhawara, har ya tanadi amsoshi tun a mota, amma ba a yi ba. Rilwanu ya ce amana amana ce ko ta wane ne, ya jawo jakunkunansa daga ƙarƙashin gado, ya share wurin da kansa.

"Wallahi babu abin da zai same ta a ɗakin nan," in ji shi.

Ba a nemi ya rantse ba.

Ranin bana ya yi tsanani, ana yawan ɗauke wuta. Kullum kafin ya fita, Abdurrahim yakan jiƙa buhu, ya matse, ya durƙusa ya shimfiɗa a kan akwatin. Igiyar kuwa bai taɓa kwancewa ba. A ransa ya yanke cewa akwati aka ba shi, akwati yake riƙe da shi. Abin da ke ciki ba ya so ko yatsansa ya taɓa. Wani lokaci yakan ɗan ɗaga gefe guda, ya ji motsin ruwa, ya mayar. Rilwanu daga kan darduma yakan ce amarya ta kwana lafiya, ba ta yi ƙorafin komai ba, sai dai tana tambayar yaushe ango zai buɗe fuska. Su yi dariya. Ana cikin zafin nan Rilwanu ya ɗauki azumi na 'yan kwanaki, ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Abdurrahim ya ce masa Alƙali zai shiga aljanna ya bar mutane a layi, kuma kullum da yamma yakan biyo ya sayo masa ruwan tsamiya mai ƙanƙara na shan ruwa.

Madam Amparo ta dawo bayan zafi ya karye. Ta rame, tana tafiya da sanda, amma muryarta a waya tana nan yadda take. Ta ce ya kawo mata ajiyarta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tun ranar Alhamis ya tsayar da akwatin, kan kwalbar a sama, don lakar shekaru ta sauka ta kwanta a gindi. Kada ya shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. Ya ɗauki tasi, ya riƙe a cinya.

Haka ya yi. Direban ya tambaye shi ko jariri ya ɗauko, da ya ga yadda yake cewa a bi ramuka a hankali. Abdurrahim yana ta kallon kogi ta taga. Nauyin da ya ɗauka tun farkon rani saura kaɗan ya sauke, ya kuma yi niyyar ba zai sake karɓar irinsa ba.

An kwashe kayan aiki daga teburin, an shimfiɗa farin ƙyalle. Dakta Dalia ta riga shi zuwa, mace mai ƙiba da yawan zobba, tana ta ƙorafin an hana ta taba. Akwai kafaɗar rago da aka gasa da gishiri kawai, da burodi, da wani busasshen cuku da Madam ta zo da shi daga gida. Kofunan gilashi uku, masu faɗin ciki da dogon wuya. A cikin na Abdurrahim an zuba zoɓo.

Madam Amparo ba ta yi sauri ba. Ta ce giya irin wannan ba a shanta da sanyin firji, ba a kuma shanta da ɗumin ɗakin Alƙahira. Ta tanadi kwanon ruwa mai ɗan sanyi da za a tsoma kwalbar. Bayan nan za a juye ta a hankali cikin tulun gilashi, da kyandir a bayan wuyan kwalbar, don da zarar laka ta taso a tsaya. Sai a bar ta ta sha iska. Abin da ya daɗe a rufe ba ya magana nan take, in ji ta. A zuba kaɗan, a kaɗa kofin, a fara da hanci. Kurɓar farko ba a yanke hukunci da ita. Wadda za a sha a ƙarshen cin abinci ba za ta zama ɗaya da ta farko ba, kuma don wannan canjin ake zama.

Dalia ta ce ita dai a ba ta kafin ta mutu da jira.

Madam ta yanka igiyar da wuƙar aiki, ta ɗaga marfin, ta warware tsohuwar rigar da aka naɗe kwalbar da ita. Sai hannunta ya tsaya.

Abdurrahim bai taɓa ganin kwalbar ba sai a lokacin, amma ko shi ya gane. Hular dalmar da ke bakin an yayyage ta. Toshiyar ta leƙo waje a karkace, da rami a tsakiyarta irin wanda ƙusa ke yi. Madam ta cire ta da yatsu biyu, ba ta ko nemi abin buɗewa ba. Ba ta kunna kyandir ɗin ba. Ta karkata kwalbar a kan tulun gilashin, ruwa ya zubo, fari, da ɗan jirwayen ja kamar an ɗauraye kwanon zoɓo. Ta ci gaba da zubawa har kwalbar ta ƙare.

Dalia ta kai hanci, ta ce ruwan famfo ne, har warin maganin yana nan.

Madam Amparo ta ajiye kwalbar, ta zauna, ta jingina sandarta da tebur. Ta kalli Abdurrahim. Babu faɗa a fuskarta, da akwai da ya fi masa sauƙi.

"Ka dai bar ta ta sha iska kafin ka sha?" ta ce. "Ina fata ba ƙanƙara ka sa ba."

Ya ce bai sha ba. Ya ce bai taɓa kwance igiyar ba. Yana faɗa yana jin yadda maganar ke fita, irin ta kowane mai laifi. Dalia ta ce ma'alish, ba komai, ya Ustaz, ai ba kai ne shehin farko ba, ta yi 'yar dariya, ta ga babu mai taya ta, ta daina. Madam ta ce naman zai huce. Babu wanda ya miƙa hannu. Abdurrahim ya nemi ta ba shi kwalbar, ta tura masa da bayan hannu.

Ya iske Rilwanu a kicin bayan magariba, yana yanka albasa. Ya ajiye kwalbar a gefen faranti. Rilwanu ya kalle ta, ya ƙarasa albasar da ke hannunsa, ya ɗauraye wuƙa, ya goge hannu.

"Ashe tsohuwar ta buɗe," ya ce.

Bai musa ba. Ya yi bayani a tsare, kamar mai gabatar da darasi. Makon farko ya kasa sallar kirki. Yana sujada, goshinsa kamu biyu daga abin. Yana karatun Alƙur'ani, tana kwance a ƙarƙashinsa. Ya koma littattafai, ya tarar malamai sun yi saɓani a kan mayar da giya khal, wato ruwan tsamin nan da ake zubawa a abinci, da gangan, wasu sun hana, wasu sun ƙi so, wasu sun halatta, shi kuma ya ga hujjar masu halattawa ta fi ƙarfi a irin wannan hali. Ya jira Abdurrahim ya fita. Ya murɗa ƙusa a toshiyar ya fizge da filaya, ya juye a kwalbar turshi, mai faɗin bakin nan da ake tsima kayan lambu a ciki, ya jefa ɓawon burodi da ɗan tsohon khal, ya ɗaure bakin da ƙyalle, ya kai bayan tankin ruwa a saman bene. Zafin bana ya yi sauran aikin. Yanzu tsarkakakke ne, halal, babu malamin da zai ce uffan.

"Na fitar da kai daga tsinuwa, Bature. Ita ma na rage mata. Ban zaci godiya ba, amma ban zaci wannan kallon ba."

Abdurrahim ya ce a mazhabar da aka raine su a kai, wanda ya ɓarnatar da giyar Kirista sai ya rama masa. Rilwanu ya ce ai shi bai ɓarnatar ba, gyarawa ya yi. Abdurrahim ya tambaye shi me ya hana shi cewa a fitar masa da ita daga ɗaki. Ya ce da ya faɗa, ɗaki na gaba za ta koma, rufi ɗaya, zunubi ɗaya. To ruwan fa? Ruwan don kwanciyar hankalin Abdurrahim ne, da ya san babu komai a ciki da bai yi barci ba duk ranin nan. Igiyar ma sai da ya zana yadda ƙullin yake kafin ya kwance, don ya mayar daidai.

"Ka rantse," in ji Abdurrahim.

"Na rantse, na kuma yi kaffara. Wanda ya rantse ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Ba ni da abin ciyarwa, na yi azumi. Kai ma ka gani."

Ya gani. Shi ya riƙa sayo ruwan tsamiyar.

Ya tambaye shi yaya ya so a yi ranar da matar za ta buɗe. A nan ne kawai Rilwanu ya ɗan kawar da ido. Ya ce tsohuwa ce, kuma ƙirji aka tsaga. Rai na Allah ne, amma shi a lissafinsa bai ɗauka za ta dawo ba. Da ya ji ta dawo ya yi niyyar faɗa, ranar Alhamis ma sai da ya buɗe baki, sai ya ga gara a bari abin ya zo da kansa.

Abdurrahim ya tambayi inda khal ɗin yake. Rilwanu ya miƙa hannu bisa kanta, tsakanin gwangwanin man gyaɗa da kwalbar yaji, ya sauko da kwalbar turshi. Ruwan ciki ja ne mai duhu, ya sauka ƙasa da rabi.

"Shi kake ci a salak tun tsakiyar rani. Kai ne ma ka ce hannuna ya faɗa."

Abdurrahim ya tsaya yana kallon farantin albasa da tumatur. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi kwalbar, ya ɗaure marfin, ya shiga ɗakinsa da ita ya rufe ƙofa. Rilwanu ya yi ta magana ta bayan ƙofar, yana kawo sunayen malamai, daga baya ya ce abinci na nan idan ya huce.

Da safe ya kai mata. Ita kaɗai ce, an mayar da kayan aiki kan tebur, tulun gilashin an wanke an kife. Ya ajiye kwalbar turshin a gabanta, ya faɗi komai daga farko: ɗakin ƙibli da ɗakin bahari, rantsuwar, ƙusar, saman bene. Hukuncin khal sai da ya maimaita mata, don ta ɗauka Larabcinta ne ya gaza. Bai rage wa Rilwanu komai ba sai magana ɗaya, ta cewa ba a zaci za ta dawo ba.

Ta buɗe marfin, ta shinshina, ta tsoma ɗan yatsa ta ɗanɗana. Ta goge yatsan. Sannan ta ce khal ne mai kyau, amma babu gonar a ciki, ko ta wane ne haka zai fito. Ta ce ta yarda bai sha ba. Babu mashayin da zai iya ƙirƙiro labari irin wannan. Ta ba shi haƙuri a kan maganar jiya.

"Amma ban san akwai wani Rilwanu ba," ta ce. "Da ka gaya mini ɗakinka zafi gare shi, da na san abin yi."

Ya ce haka ne.

Ta rufe kwalbar, ta ture ta gefe. Ta ce abu ɗaya take so. Abokin nan nasa shi kaɗai ne a duniya ya tsaya a kan giyar lokacin da aka buɗe. Ya tambayar mata shi yaya ƙamshinta yake. Ko da kalma ɗaya ce, ko da cewa zai yi wari take. Tana so ta san ko ta kai lokacinta, ko ta wuce, ko tun tuni ta mutu a cikin kwalbar ita tana ta riƙo.

Abdurrahim bai koma Faisal kai tsaye ba. Ya shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Hadayek el-Maadi, inda wani ɗan Damagaram da zai koma gida yake neman wanda zai karɓi ɗakinsa. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, tagarsa tana duban bangon maƙwabta. Ya ce ya karɓa. Sai da la'asar ya isa gida, ya fara zuba littattafai a kwali.

Rilwanu ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce wannan fushin ya wuce misali, a kan kwalba ɗaya ta Nasara mutum zai watsar da zaman shekaru. Ya ce me za a ce a Malumfashi idan aka ji dalili, kuma wa ake ganin za a ba gaskiya. Abdurrahim ya san wa za a ba. Ya ci gaba da ɗaure kwali. Da Rilwanu ya ga haka sai ya shigo ya fara naɗe masa katifa, yana cewa ba haka ake naɗewa ba.

Abdurrahim ya isar da saƙon ba tare da ya ɗago ba. Matar tana tambaya yaya ƙamshin yake lokacin da ya buɗe.

Rilwanu ya saki katifar.

"Ƙamshi? A'uzu billahi. Ni zan shaƙi giya? Sai da na naɗe hanci da baki da rawani ninki biyu, na kawar da kai, na juye. Ko kalarta ban tsaya gani ba."

Ya faɗa da ɗan alfahari. Abdurrahim ya ɗaga kwalin ya sauka da shi.

Washegari a jirgi ya yi ta juya abin. Zai iya shirya mata amsa, ya ji isasshen bayani a bakinta da zai ishe shi haɗa jimla biyu masu daɗi, kuma babu mai ƙaryata shi. Har ya fara jera kalmomin. Da ya hau benen ya same ta ta sa tabarau tana duba wani shafi da tsutsa ta huda, ya gaishe ta, ya tsaya.

Ya ce abokin nasa ya toshe hanci. Babu wanda ya ji ƙamshin.

Ta gyaɗa kai, ta ce tamam. Ta nuna masa shafin, ta ce kullun jiya ya yi kauri, ya dama sabo. Suka yi aiki har azahar, maganarsu ba ta wuce miƙo wannan, riƙe nan. Da ya dawo daga salla ta tambaye shi ko har yanzu tare suke da mutumin. Ya ce ya tashi, yanzu shi kaɗai ne. Ta ce madalla. Ta ɗan jima tana goge buroshi, sannan ta tambaye shi, ba tare da ta kalle shi ba, makullin gidan nan da ke wurinsa, a ina yake ajiye shi idan zai kwanta.

Abdurrahim ya zaro shi daga aljihu, ya ɓalle shi daga cikin sauran, ya ajiye a kan tebur kusa da kwanon kullu. Ba ta ɗauka ba, ba ta kuma ce ya mayar ba. Da yamma da zai tafi, ita ta taso da sandarta, ta raka shi bakin ƙofa, ta ce gobe ya danna ƙararrawa da ƙarfi, kunnenta ya fara nauyi. Yana kan matakala ya ji ta murɗa makulli.